Ƙusar da na binne cikin danƙo

Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, kuma akwai tambayar da na yi wa yara ba adadi: "Kun gane?" Amsar ba ta taɓa canzawa ba. Aji duka ya ɗauka da murya ɗaya, "Eee, Mushe!", ni kuma in goge tablo in wuce gaba. Na daɗe ban zargi wannan amsa ba. Abin da ya sa na fara zarginta ya faru ne nesa da aji, a garejin wani dattijo a ƙasar Faransa, ranar da aka yi mini irin tambayar, ni ma na ba da irin amsar, alhali na san ƙarya nake yi.

A watan Satumba na 2017 wata ƙungiyar malamai ta can ta gayyaci mu huɗu daga jihar Maraɗi mu je mu ga yadda suke koyarwa. Lokacin ya yi mana daidai, don su farkon Satumba suke komawa lakkol, mu kuwa sai Oktoba. Kowannenmu aka sauke shi gidan wani malami. Ni na faɗa hannun wani dattijo ɗan shekara saba'in ba kaɗan, wanda ya yi ritaya bayan ya ƙare rayuwarsa yana koyar da aikin ƙarfe a lise ta sana'a. Daren farko, muna gama cin abinci, uwargidansa ta ce masa: "Kai shi ya gaida kishiyata." Na bi shi ina mamaki. Ya buɗe gareji ya kunna fitila. Motarsa tana waje ruwan sama na dukanta, a ciki kuwa fukafukan jirgin sama ne guda biyu a tsaye kan katako, kowanne ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba.

Na yi zaton wasa ne irin na masu kuɗi. Sai ya zaunar da ni ya ba ni labari. A ƙasarsu ƙera jirgi a gida tsohuwar al'ada ce. Tun 1934 wani mutum mai suna Henri Mignet ya fitar da littafi yana koya wa talaka yadda zai haɗa ɗan ƙaramin jirgi na katako, wanda ya raɗa wa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. Mutane suka yi ta ƙerawa, wasu suka faɗo suka mutu saboda wani aibu da ke cikin zanen, aka dakatar da jirgin har sai da aka gano aibun aka gyara. Nasa jirgin kuwa na alminiyom ne, samfurin RV-7 mai kujera biyu, na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka. Kamfanin yana aiko da sassa cikin manyan akwatuna tare da zane, kai kuma ka haɗa da hannunka. Fiye da jirage 10,000 na wannan kamfani sun tashi a duniya, kusan dukkansu daga gareji irin nasa. Da ya ji daga inda na fito, ya ce ai maƙwabtanmu sun san jirgin: a Kaduna, wajen shekarun 1990, an harhaɗa kusan 60 na samfurin RV-6A, aka sa musu suna Air Beetle, sojan saman Najeriya suka koyar da matuƙa da su. Kaduna ta fi Yamai kusa da Maraɗi, amma sai a Turai na ji wannan labari.

Shekararsa biyar yana aikin, kuma yana neman hannu na biyu, domin akwai ɓangaren da mutum ɗaya ba ya iya yi. Daga ranar, in mun dawo daga ziyarar lakkol da yamma, sai in cire riga in sa tsohuwar tasa mu shiga gareji. Yana kirana "abokin aiki", ni kuma ina kiransa Mushe, kamar yadda ɗalibaina suke kirana.

Ginin fiffike yana kama da rufin soro. Akwai babbar azara guda da ta ratsa shi daga gindi zuwa ƙarshe, ita ke ɗauke da nauyin jirgin duka in yana sama. A jikinta ake jera haƙarƙari, faranti-faranti masu siffar kifi, su ke ba fiffiken kamanninsa. Sai a lulluɓe su da fatar alminiyom wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ka ɗauki fatar ita kaɗai, tana lanƙwashewa kamar kwali. In aka ɗaure ta da haƙarƙari da azara, sai ta zama abin da zai ɗauki mutum biyu da kayansu cikin iska. Ba walda ko ɗaya. Ƙusoshin ribit ne ke riƙe komai, fiye da dubu goma a jirgin duka.

Abin da ya fara gajiyar da ni shi ne yawan aikin da ake yi kafin a buga ƙusa ɗaya. A haɗa sassan da wasu ƴan maƙalai na wucin gadi da suke kira kiliko, a bi kowane rami da abin huji, a wargaza, a goge kaifin bakin kowane rami gaba da baya, a lotsa bakin ramin kaɗan don kan ƙusa ya kwanta daidai da fata, a shafa maganin tsatsa, sannan a sake haɗawa. Kwana uku ina goge ramuka. Da na ce masa wannan kaifin ai ido ma ba ya ganinsa, sai ya ce daga nan tsagewa take farawa: jirgi yana jijjiga sa'o'i ɗaruruwa, ɗan kaifin nan ya zama tsaga, tsagar ta yi ta tafiya a ɓoye. Ko tsayuwar fiffiken kan katako sai da ya rataya igiya mai dalma a gindi da ƙarshe, irin ta magina, yana aunawa da milimita, don in fiffike ya murɗe kafin a rufe shi, haka zai zauna har abada, jirgin ya riƙa karkata gefe guda.

Bugun ƙusar kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska a kan ƙusa, ɗaya ya zura hannu ciki ya danna wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a wutsiyarta, kamar ƴar uwar maƙera. Bindiga ta yi ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu, wutsiyar ta baje ta zama kai na biyu. Ƙusar da muka fi amfani da ita kaurinta milimita 2,4 ne. Ƙa'ida ita ce sabon kan ya yi faɗin kaurin ƙusar sau ɗaya da rabi, tsayinsa kuma rabin kaurin, ya zauna tsaf a tsakiya. Akwai ɗan ma'auni da ake gwadawa. Wanda ke waje ba ya ganin abin da ya faru a ciki. Saboda haka bayan kowace ƙusa Mushe yakan tambaya: "Lafiya?" In na duba na ga ta yi, in ce "Lafiya", mu wuce ta gaba.

A mako na uku muka shiga tankin mai. Na ɗauka wani bido ne za a saka cikin fiffike. Ashe goshin fiffiken kansa, ɓangaren da ke kusa da jikin jirgi, shi ne tankin. Fatar da iska ke bugu ta waje ita ce ke riƙe mai ta ciki, lita 80 ba kaɗan a kowane gefe. To kuma fatar nan cike take da ramukan ƙusa, kowane rami ƙofa ce ga mai. Maganin abin wani danƙo ne toka-toka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kashi biyu ne ake auna su a sikeli, goma na wannan da ɗaya na wancan, a cuɗa, a yi sauri kafin ya fara ƙarfi. Kafin a shafa sai an kankare wurin an wanke shi da asetan har tsumma ya fito fari, domin ko maiƙon yatsa yana hana danƙon kamawa. Ana shafa shi tsakanin haƙarƙari da fata, a buga ƙusa yana ɗanye, sannan a ɗiga wani a kan kowace ƙusa ta ciki. Yana manne wa komai. Har na dawo gida akwai shi a ƙarƙashin farcena.

Tanki yana da ƙananan abubuwa da rai ya rataya a kansu. Akwai siririn bututun shaƙar iska, don in mai yana fita iska ta maye gurbinsa. In zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin bututun, inji na iya mutuwa a sama alhali tanki na cike. Akwai ɗan famfo a wuri mafi ƙasa, wanda matuƙi ke tsiyayar mai kaɗan ta nan kafin kowane tashi, ya duba ko ruwa ya kwanta. Man da suke sha ma rina shi ake yi shuɗi, saboda haka ko ɗigo ya tsattsafo ya bushe, yana barin tabo a fata.

Ranar wata Talata muna buga haƙarƙarin tsakiya na tankin dama. Safar hannuna ta yi sulɓi da danƙo, dunƙulen ƙarfen ya zame daidai lokacin da bindiga ta tashi. Na leƙa na ga wutsiyar ƙusar ta kwanta gefe kamar gero bayan iska. Mushe ya ce: "Lafiya?" Tun safe ya yaba mini gaban matarsa, ya ce hannuna ya fi na ɗalibansa da yawa. Ni baƙo ne, ina cin abincinsa, kuma a raina ina jin kamar duk malaman ƙasata nake wakilta. Bakina ya riga ni: "Lafiya." Da aka zo ɗiga danƙo a kan ƙusoshi, aikin nawa ne. Na ba wannan ƙusa kaso biyu, na lailaye shi da kyau. Duk wanda ya leƙa zai ga aiki tsaf.

Ranar Asabar aka shirya rufe tankin da bangon baya. In an rufe shi, hannu ba ya ƙara shiga ciki. Duk gyaran da ya taso sai an yanka rami a bangon, a yi faci, ko a sake tankin. Na san wannan sarai. Na yi ta lallashin kaina cewa ƙusa ɗaya ce cikin dubbai, danƙo kuma ya rufe ta. Washegari Laraba, yaran can ba su da lakkol da yamma, aka kawo jikarsa ƴar shekara tara. Ta shigo gareji ta hau kan wani akwati ta riƙe sanda tana tuƙi, ta gaya mini cewa kaka ya yi mata alkawari ita ce fasinja ta farko. Sa'ar ɗiyata ce ta biyu. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da asuba na same shi a kicin yana haɗa kofi. Na ce: "Mushe, akwai ƙusar da na ce maka lafiya, ba lafiya ba ce. Na rufe ta da danƙo." Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ni zan yi wa yaro in ya zo mini da irin wannan magana. Ya ajiye kofin ya ce: "Wace ce? Zo ka nuna mini." Ya ɗauko tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori. Ya kankare danƙon, ya huda kan ƙusar daidai tsakiya, ya ɓalle shi, ya tura sauran ta fita, muka wanke wurin muka buga sabuwa. Duka bai kai rabin awa ba. Ya buɗe kayen da yake rubuta aikin kowace rana, wanda masu duba jirage na hukuma za su iya nema, ya rubuta kwanan wata da abin da aka gyara. Sannan ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalba cike da gutsattsarin ƙusoshi, ya jefa tawa ciki. Ya ce sauran duk nasa ne.

Na tambaye shi ko ƙusar za ta iya kayar da jirgin. Ya ce a'a, da wuya, masu zane sun bar rara. Wataƙila bayan shekara biyu ta fara tsattsafo da mai, wataƙila ma ba za ta yi ba. Abin da ya dame shi daban ne. Ya ce shi yana waje, idonsa a ciki ni ne. In "lafiya" tawa tana iya zama ƙarya sau ɗaya, to duk ɗaruruwan da muka buga tare sai ya bi su da madubi. Yanzu da na zo da kaina, ya san darajar sauran. Ya ƙara da cewa laifin akwai nasa a ciki, don ya yabe ni da yawa har ya sa faɗin kuskure ya yi mini tsada.

Kafin in taho muka gwada tankin hagu, wanda ya rufe tun kafin zuwana, danƙonsa ya riga ya bushe. An toshe kowace kafa, aka ɗaura balan-balan a bakin bututun iska, aka hura da famfon keke a hankali. Iska kaɗan ake sawa, wadda ba ta wuce ta ɗaga ruwa santimita 70 a cikin tiyo ba, don in ta yi yawa tankin zai kumbura ya lalace. Sai muka bi kowane layin ƙusa da ruwan sabulu, kamar yadda mai faci yake neman huji a tayar keke. A wata kusurwa ta bangon baya kumfa ta fara tasowa, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa ne shi kaɗai, ba hannun kowa. Ya zagaye wurin da bik yana murmushi, ya ce gara a nan ƙasa.

Na dawo Oktoba aka ba ni ajin CM1, yara 78. Ranar farko da na ji bakina ya ce "Kun gane?" suka amsa "Eee, Mushe!", sai na tuna da kaina a tsugune gaban tankin nan. Ni babba, mai takardar Ekol Normal, ba wanda ya ɗaga mini bulala, kunya kaɗai ta sa na yi ƙarya. Ina ga yaro ɗan shekara goma da ke ganin dorina a kan tebur, ga ƴan aji suna jiran su yi masa dariya, ga uba a gida yana jiran sakamako? Mu muka koya musu cewa "ban gane ba" tana jawo duka, "eee" kuwa tana kawo zaman lafiya. Suka koyi shafa danƙo: haddar shafi ba tare da sanin haruffa ba, motsa baki in ana karatu tare, kwafar allon maƙwabci. Mu kuma ƙarshen shekara mu rufe bango mu tura su aji na gaba.

Na fara gwajin sabulu irin nawa. Kullum lokacin hutun safe in kira yara biyar, ɗaya bayan ɗaya, in ba kowanne layi uku da na rubuta a daren jiya, abin da bai taɓa gani ba balle ya haddace. Cikin mako uku na gama ajin. Yara 26 ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma cikinsu akwai waɗanda suka zo da maki mai kyau daga CE2. Shekara huɗu suna cewa "eee". Na kai dorinar gida. Na ware rabin awa bayan tashi muna komawa karatun CP da su. Na kuma sa doka: duk wanda ya nuna mini kuskure a tablo, ko nawa ne, sai aji ya tafa masa. Da gangan nake yin kuskuren wani lokaci, wani lokacin kuma ba da gangan ba ne.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani uba ya zo har lakkol ransa a ɓace, don ɗansa ya gaya masa an maida shi karatun ƙanana. Ya ce: "Malam, yaron da ya zo na bakwai bara shi za ka ce bai iya karatu ba? Kana so ka kunyata ni cikin unguwa?" Na ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, ga shi ga takarda." Na miƙa wa yaron rasit ɗin da ke aljihun uban. Ya kalle shi ya kalle mu, hawaye suka zubo. Uban ya ɗaga hannu, na riƙe. Na ce masa yaron bai yi mana ƙarya don mugunta ba, abin da muka nuna muna so ya ba mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara wankan ya zo yanzu da ya zo ranar jarrabawar shiga kwaleji. Ya tafi bai ce komai ba, amma bai hana yaron zama darasin yamma ba.

Ba zan ce na gyara komai ba. Dattijon nan jirgi ɗaya gare shi da shekaru a gabansa, ni kuwa yara 78 da wata tara, wasu a ƙasa suke zaune, abokan aikina da yawa ma a ajin zana suke, iska na kwashe musu darasi. Cikin 26 ɗin nan, 17 sun kama karatu kafin damina. Sauran tara na rubuta gaskiyar halinsu a takarda na ba direkta da malamin CM2, don kada wanda zai karɓe su ya ɗauka an rufe tanki lafiya. Biyu daga ciki sun bar lakkol daga baya, kuma har yau ina tambayar kaina ko da an gano su tun CP da labarin ya canza.

Abin da nake roƙon iyaye ƙarami ne. Yau da dare ku ba yaronku wani rubutu da ba na kayensa ba, takardar magani ko saƙon waya, ku ce ya karanta muku. In ya kasa, ku riƙe hannunku da bakinku, ku gode masa da ya bari kuka gani, gobe ku je ku sami malaminsa. Mu kuma malamai mu rage tambayar aji duka ko sun gane, mu riƙa zura madubi muna duba ɗaya-ɗaya, ko biyar ne a rana.

A 2021 Mushe ya aiko mini hoto ta WhatsApp. Jirgin ya tashi, ya cika sa'o'in gwajin da doka ta sa shi yi shi kaɗai, sannan ya ɗauki jikarsa, ta zama budurwa, ga ta da abin ji a kunne tana dariya. A ƙasan hoton ya rubuta cewa tankin dama bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ba. Na nuna wa ƴan ajina na wannan shekarar, na ba su labarin ƙusar tun daga farko, har da ƙaryar da na yi. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ni ban gane yadda ƙarfe yake tashi sama ba." Na ce mata ni ma ban gama ganewa ba, gobe za mu zo da takarda mu naɗa fiffike mu gwada.